Ma'anar "Zaɓen Tumun Dare" a Harkar Saye da Sayarwa

Idan mutum ya dawo daga kasuwa da kaya, ya kwana biyu yana amfani da shi, sannan aka ji ya ce "ashe zaɓen tumun dare na yi", to ba sai an nemi ƙarin bayani ba: abin da ya saya bai kai yadda ya zata ba, kuɗinsa kuma sun riga sun shiga aljihun wani. Ana jin wannan magana a siyasa, inda jama'a kan faɗe ta bayan wanda suka zaɓa ya juya musu baya, ana kuma jin ta a zancen aure, amma a ciniki ta fi zama daram, domin a nan ne mutum yake sa hannunsa ya ɗauki abu ɗaya daga cikin tari, ya biya, ya tafi da shi gida.

Tumu shi ne sabon geron da ya fara nuna a ƙarshen damina, wajen watan Agusta zuwa Satumba, kafin a kai ga girbi. Akan karyo zangarniyarsa a gona, a gasa ta a wuta, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, sannan a watsa a baki. Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa zaɓen tumu aikin ido ne, saboda sai an duba zangarniyar da ta cika da ƙwaya, an kauce wa wadda tsuntsaye suka fara ci, da wadda tsutsa ta bi, da wadda ba ta gama ƙosawa ba. Da dare kuwa duk zangarniya ɗaya ce a hannu. Tsawo da kauri kawai mutum zai iya lalubawa, sai ya zo gaban wuta ya tarar da cewa wadda ya fi ɗoki a kanta ba ta da komai sai ƙaiƙayi.

Abin lura a cikin wannan hoto shi ne babu macuci a cikinsa. Gona ba ta yaudari kowa ba, geron ma bai ɓoye kansa ba. Mai zaɓen ne ya ƙi jiran gari ya waye. Saboda haka ainihin ma'anar maganar ita ce zaɓin da aka yi ba tare da an samu damar dubawa ba, ko kuma an samu damar aka yi gaggawa, kuma wanda ya faɗe ta a kan kansa yana amsa laifinsa ne. Wannan ya raba ta da wasu maganganu guda uku da ake yawan cakuɗa su da ita, alhali kowace da gurbinta.

Ta farko ita ce da-na-sani, wadda ta fi ta faɗi nesa ba kusa ba. Mutum yana iya yin da-na-sanin sayen abin da ba shi da aibi ko kaɗan. Wanda ya sayi babbar mota mai zuƙar mai a farkon shekarar 2023 ya samu motar da ya nema, lafiya lau, amma bayan sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na wannan shekara, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, sai motar ta koma zaman gareji. Bai yi zaɓen tumun dare ba, zamani ne ya juya. Shi ya sa ake cewa da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Ta biyu ita ce cinikin biri a sama, wato biyan kuɗin abin da ba a riƙe a hannu ba. Ita ce ta fi dacewa da yawancin sayayyar da ake yi yau ta WhatsApp da Instagram da Facebook, inda mace za ta ga doguwar riga a hoto, ta tura kuɗi, bayan mako guda ɗan aike ya miƙo mata leda, ta buɗe ta ga yadi mai shara-shara da ɗinkin da ko a kan 'yar tsana ba zai zauna ba. Daga nan aka samu al'adar jera hotuna biyu, ɗaya na abin da aka yi oda, ɗaya na abin da aka kawo, ana dariya. Teloli sun fi kowa shan wannan tsiya, musamman a daren sallah.

Ta uku, wadda ita ce ta fi nauyi, ita ce algus ko cuta kai tsaye, inda mai kayan ne da kansa ya ƙirƙiri duhun. Shi ne ya zuba hatsi mai kyau a bakin buhu ya bar mai tsakuwa a ƙasa, ko ya buge gindin kwanon awo, ko ya ɗura wa rago ruwa da gishiri ana gobe kasuwa domin cikinsa ya cika, ko ya mayar da lissafin tafiyar mota baya, ko ya sauya wa tsohuwar waya gilashi da gida ya mayar da ita kwali ya ce sabuwa ce. A ganina babbar matsalar yadda muke amfani da "zaɓen tumun dare" a yau ita ce muna yawan faɗinta a wurin da ya kamata a ce an yi algus, sai laifi ya tashi daga kan wanda ya kashe fitila ya koma kan wanda ya yi lalube.

Na ga haka a kaina. Wata shekara, azumi ya kusa ƙarewa, na shiga wani shago bayan la'asar na sayi shadda yadi goma, ruwan toka, mai hatimin wani sanannen kamfanin Turai a gefenta. Shagon yana can ciki, ƙwan lantarki mai shuɗin haske yana ci, shaddar tana ɗaukar ido kamar an shafa mata mai. Na san abin da masu hankali ke yi a irin wannan wuri, wato su ce bari su fita da ita bakin ƙofa su gani a rana, su jiƙa ɗan yatsa su murza gefenta su ga ko za ta zuba, amma ƙishirwa ta dame ni, mai shagon kuma yana ta rantsuwa. Aka ɗinka babbar riga da 'yar ciki da wando, na je Idi da su, 'yan'uwa suna ta cewa Allah ya sa a kashe lafiya. A wankin farko ruwan bokiti ya koma kamar na tukunyar rini, ƙyallin ya tafi gaba ɗaya, rigar ta saki jiki kamar tsohon zanen gado.

Abin da na fara yi shi ne abin da kusan kowa ke fara yi, wato lallashin kai. Na ce ai launin yanzu ya fi natsuwa, kuma dama ƙyalli na yara ne. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan ɗabi'a. A shekarar 1956 wani masani a Amurka mai suna Jack Brehm ya sa wasu mata su ba wa kayan amfanin gida maki, sannan ya bar kowace ta zaɓi ɗaya cikin biyu ta tafi da shi. Da aka sake tambayarsu, sai ga shi sun ɗaga darajar abin da suka ɗauka, sun rage ta wanda suka bari. Shekara guda bayan haka, a 1957, Leon Festinger ya fitar da bayaninsa a kan yadda zuciya ba ta jure riƙe abubuwa biyu masu karo da juna, kamar "ni mai wayo ne" da "an sayar mini da jabu", don haka sai ta gyara ɗaya domin ta huta. Bahaushe ya san wannan tun kafin a rubuta shi, shi ya sa idan ka ji mutum yana yabon motarsa ba tare da an tambaye shi ba, sai ka fara zargin tana yawan zuwa wurin bakanike.

Bayan lallashin kai sai kunya, kuma ita ce take hana yawancin mutane motsi. A wurinmu iya ciniki wani ma'auni ne na wayo, ga namiji da mace, saboda haka tambayar "nawa ka saya?" jarrabawa ce. Mutane da yawa kan rage farashin da suka biya idan suna ba da labari, domin kada a ce an yi musu wayo. Masu sauraro kuma kashi-kashi ne. Akwai mai cewa "ai da ka tambaye ni", wanda bai taɓa bayyana ba sai bayan an gama biya. Akwai mai jefo karin magana, ya ce araha ba ta ado, ko ya ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, ko da kuwa kai tsada ka saya ba araha ba. Sannan akwai dattijon da zai ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba, kuma maganarsa ce kaɗai ke sanyaya rai, ko da yake ita ma sau da yawa rufe zancen take yi.

Daga nan hanya kan rabu. Wani ya ja Allah ya isa ya bar shagon har abada. Wani ya kai kayan wurin dillali ya sayar a kan asara, kuma a nan ne abin yake ɓaci, domin idan bai faɗi aibin ba ya zama shi ma ya kashe wa na gaba fitila. Wayar da ba ta riƙe caji takan zaga hannu huɗu ko biyar ta wannan hanya, kowa yana ganin ya fanshe. Wani kuma ya fito fili ya faɗa wa duniya, wanda yana da amfani amma yana da haɗari: a watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin da ta saya ya cika zaƙi, kamfanin ya kai ƙorafi, 'yan sanda suka kama ta har aka kai ta Abuja, maganar ta koma shari'a.

Waɗanda suka fi ƙaranci su ne masu ɗaukar kaya su koma shago, alhali su ne addini da doka suka fi mara wa baya. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci, ya cusa hannunsa ya ji laima a ciki, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, sannan ya bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Haka kuma wanda ya sayi dabbar da aka ƙi tatsa domin hantsarta ta cika, an ba shi zaɓi har kwana uku, ko ya riƙe ta, ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. A kan irin waɗannan malaman fiƙihu suka gina hukuncin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, kuma idan kayan ya riga ya sauya a hannun mai saye, kamar yadin da aka yanka aka ɗinka, akan ƙiyasta bambancin darajar mai aibi da marar aibi a mayar masa. Ko wanda ya yi da-na-sani kawai, ba tare da wani aibi ba, ba a rufe masa ƙofa ba, domin akwai iƙala, wato mai kaya ya yarda a warware ciniki don kyautatawa, kuma hadisi ya yi alkawarin Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya yi wa Musulmi haka.

Dokar Najeriya ma ta zo kusa da wannan. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, ta ba mai saye damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa idan an kawo masa abin da bai samu damar dubawa ba kuma bai dace da yadda aka kwatanta masa ba, ko idan ya faɗi abin da zai yi da kayan aka sayar masa sannan ya ga bai yi aikin ba. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi, bai isa ya soke wannan haƙƙi ba, ko da yake mutane da yawa suna karanta shi kamar hukuncin alƙali. A ƙasashen Tarayyar Turai har kwana 14 ake ba wanda ya sayi abu daga nesa ya sauya ra'ayi ba tare da ya faɗi dalili ba, wanda wannan kariya ce ga mai cinikin biri a sama tun kafin a yi maganar aibi.

Sai bayan mako uku na iya ninke rigar na sa a leda na koma shagon. Na shimfiɗa ta a kan kantar shagon na ce, "Alhaji, ga abin da ta zama a wanki ɗaya." Ya ɗaga hannun rigar, ya duba, ya ajiye, ya ce, "Malam, ai kai ka zaɓa da hannunka, ga su nan kala-kala, ban ce lallai sai wannan ba." Wato ya mayar mini da tumuna. Har na fara tattara ledar, sai wani dattijo mai shagon da ke kusa, wanda yake jin mu tun farko, ya taso ya ɗauki ragowar bandir ɗin ya fita da shi bakin ƙofa, ya juya gefen da hatimi yake a hasken rana, ya daɗe yana dubawa, sannan ya dawo ya ce, "Alhaji, ni da kai mun san inda ake buga wannan hatimi, kuma ba can ba ne. Yaron nan kuɗin ta gaske ya biya." Aka yi shiru. Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, dattijon ya ce to sai ya bi wanda ya kawo masa. A ƙarshe aka lissafa farashin irin wannan shadda a sunanta na gaskiya, aka cire shi daga abin da na biya, ya ƙirgo mini ragowar yana kallon wani gefe. Kuɗin ɗinki kuwa babu wanda ya tayar da maganarsu, ni ma ban tayar ba.