Waiwaye: Yadda nazarin kwiya ya bar Faransa, ya dawo mata a matsayin baƙo

Fiye da shekara goma ke nan wata gardama ta ƙi kwanciya a Faransa. A 2011 'yan majalisa 80 suka nemi a janye wasu littattafan ilmin halittu na sakandare saboda sun taɓo batun jinsi. A 2013 dubun dubatar mutane suka cika titunan Paris suna adawa da dokar auren jinsi ɗaya. A farkon 2014 wasu iyaye, ciki har da Musulmi da dama, suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta na yini guda don tsoron abin da suka ji za a koya musu. Daga wancan lokaci zuwa cacar bakin da ake yi yau kan jami'o'i, zargi ɗaya ne ke ta dawowa: wai wannan ilmi hajar Amurka ce da aka shigo da ita dare ɗaya.

Ilmin da ake nufi shi ne nazarin kwiya (queer da Ingilishi), wanda ke tambaya ko rabon mutane gida biyu, maza da mata, da irin sha'awar da ake sa ran gani ga kowane gida, halitta ce zalla, ko kuwa akwai hannun doka da tarbiyya da al'ada a ciki. Mutum yana iya ƙin amsar da masu wannan nazari ke bayarwa, kuma na san da yawa daga masu karatu za su ƙi ta. Amma zancen cewa baƙon ilmi ne a Faransa, tarihi bai goyi bayansa ba.

Farkon labarin sananne ne. Bayan boren ɗalibai na 1968, masu neman jinsi ɗaya suka kafa ƙungiyar FHAR a Paris a 1971. Guy Hocquenghem, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya fitar da littafinsa kan neman jinsi ɗaya a 1972, masanin falsafa Michel Foucault kuma ya fitar da juzu'in farko na tarihin jima'i a 1976. Daga nan masu ba da labari sukan tsallaka zuwa 1990, shekarar da Teresa de Lauretis, 'yar asalin Italiya, ta raɗa wa fannin suna a wani taro a Santa Cruz ta Kalifoniya, masaniyar falsafa Ba'amurkiya Judith Butler kuma ta wallafa littafinta Gender Trouble.

Abin da ake tsallakewa shi ne 1980, kuma a ganina a nan bakin zaren yake.

A 1977 wasu mata masana suka kafa mujallar Questions féministes a Paris, da sunan fitacciyar marubuciya Simone de Beauvoir a matsayin shugabar bugawa. Matsayarsu ita ce bambancin matsayi tsakanin maza da mata tsari ne na zamantakewa da tattalin arziki. Cikin masu rubutu a mujallar akwai Monique Wittig, wadda ba baƙuwa ba ce a gida: ta ci kyautar adabi ta Médicis tun 1964, kuma tana cikin matan da suka kai furanni Arc de Triomphe na Paris, inda kabarin sojan da ba a san sunansa ba yake, a watan Agustan 1970 don tunawa da matar wannan soja, abin da ake ɗauka a matsayin mafarin yunƙurin matan Faransa na zamani. A fitowar Fabrairun 1980 aka buga maƙalarta La pensée straight. A ciki ta kai hujjar abokan aikinta inda su ba su yi niyyar kai ta ba. Ta ce idan "mace" matsayi ne da ke da ma'ana kawai a cikin dangantaka da namiji, to wadda ta fita daga wannan dangantaka ta fita daga matsayin. Don haka ta rufe da cewa 'yan maɗigo ba mata ba ne.

Wannan magana ta raba kwamitin mujallar biyu. Wani ɓangare ya ga cewa za a mayar da mafi yawan mata, masu aure da masu zama da maza, tamkar 'yan koren abokan gaba. Ɗaya ɓangaren, na 'yan maɗigo masu goyon bayan Wittig, ya ga ana so a sake rufe masa baki. Kowa yana da abin da yake karewa. Mujallar ta rushe a shekarar, aka kafa Nouvelles Questions féministes a 1981, rigimar suna kuma ta kai har gaban alƙali. Abin takaicin shi ne tambayar da Wittig ta yi ta rasa zauren da za a ci gaba da tattauna ta da Faransanci, a lokacin da guraben nazarin mata a jami'o'i ba su taka kara sun karya ba.

Wittig ta riga ta koma Amurka tun 1976, daga baya ta koyar a Jami'ar Arizona. Maƙalunta suka fito a littafi ɗaya da Ingilishi a 1992. Butler ta ware wa tunaninta shafuka masu yawa a littafinta, haka ma na Foucault da de Beauvoir. Ana cikin haka cutar sida ta ɗauke Foucault a 1984, ta ɗauke Hocquenghem a 1988. Ga kuma aƙidar jamhuriya da ta ce hukuma ɗan ƙasa take gani, ba ta ganin rukuni, abin da ya sa duk nazarin da ya jiɓanci wani rukunin jama'a ake yi masa kallon mai raba kai.

Shi ya sa dawowar ta biyo ta bayan gida. A 1996 Marie-Hélène Bourcier, wanda yanzu ake kira Sam Bourcier, ya kafa ƙungiyar Le Zoo, ana karatun a cibiyar masu neman jinsi ɗaya ta Paris. A 1997 marubuci Didier Eribon ya shirya taro a Cibiyar Pompidou ta Paris, inda masanin zamantakewa Pierre Bourdieu da Wittig kanta suka yi jawabi. Littafin Wittig bai fito da harshen uwarta ba sai 2001, shekara biyu kafin rasuwarta a Tucson ta Arizona. Na Butler kuwa, wanda Jamusawa suka fassara tun 1991, sai 2005 ya samu fassarar Faransanci.

Shekara shida kacal ke tsakanin wannan fassara da wasiƙar 'yan majalisa ta 2011. Malamai ba su gama tace hujjojin ba, masu suka na ilmi ba su gama auna su ba, sai ga batun a talabijin da ƙofar makaranta. Iyayen da suka tsorata a 2014 sun haɗu da shi ne ta saƙon waya, ba su taɓa jin an yi muhawararsa cikin natsuwa ba. Cibiyar nazarin jinsi ta ƙasa, Institut du Genre, ba a kafa ta ba sai 2012, bayan wutar ta riga ta kama.