Gidan Waya na Sawakin

Gidan waya na Sawakin yana cikin ofisoshin wasiƙa na farko da aka buɗe a ƙasar Sudan. Gwamnatin Masar ce ta buɗe shi a 1867, shekara biyu bayan Daular Usmaniyya ta miƙa mata garin. Sawakin tana bakin Bahar Maliya, kudu da Port Sudan, kuma tsohon garin yana kan ɗan tsibiri ne, inda ofisoshin hukuma, kwastan da gidajen attajirai suka taru.

Da kan sarkin wasiƙa na Masar aka fara aiki. Lokacin yaƙin Mahadi a shekarun 1880 gidajen waya na cikin ƙasa sun rufe, amma na Sawakin ya ci gaba da aiki, domin duk da matsin da Usman Digna, kwamandan Mahadi, ya yi wa garin, bai ci shi ba, ƙofar teku kuma tana buɗe. A 1897 aka buga sunan Sudan a kan na Masar, a 1898 kuma aka fito da kan sarki mai hoton ɗan saƙo bisa raƙumi, wanda ya daɗe yana aiki ƙwarai.

Ga Hausawa kuwa, a da Sawakin zangon ƙarshe ce kafin Jidda. Maniyyatan da suka taso a ƙasa daga Kano, Sakkwato ko Borno, wasu bayan shekaru suna aikin auduga a yankin Jazira na tsakiyar Sudan don tara guzuri, a nan suke jiran jirgin ruwa. Waɗansu ba su tsallaka ba, waɗansu sun dawo suka zauna, zuriyarsu na nan gabashin Sudan har yau.

Sabuwar tasha ce ta kashe kasuwar garin. Mashigin Sawakin ƙunci gare shi ga manyan jirage, sai Turawan Ingila suka gina Port Sudan, aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa da ma'aikata suka kwashe suka koma can.

Gine-ginen tsibirin da dutsen murjani na teku aka yi su, dutse mai ramuka da ke shan danshi da gishiri. Muddin ba a yaɓe shi da farar ƙasa a kai a kai, sai ya riƙa marmashewa. Da masu gyara suka tafi, rufi ya rufta, bango ya bi baya, yawancin tsibirin ya zama kufai. Gyaran da Turkiyya ta ɗauki nauyinsa daga baya ya fi mayar da hankali ga masallatan Hanafi da Shafi'i da ginin kwastan.