Dokar da ta hana sabon shugaba share ma'aikata a Amurka

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an canza gwamnati a Amurka kowa tattara komatsansa yake yi, to ba haka abin yake ba. Sabon shugaba yana da kujeru wajen 4,000 da zai zuba nasa, ministoci da jakadu da masu ba shi shawara, amma sauran ma'aikatan tarayya, mutum wajen miliyan biyu, bisa al'ada sukan ci gaba da zama daram a ofisoshinsu, kuma tushen wannan tsari wata tsohuwar doka ce da ake kira dokar Pendleton ta 1883.

Kafin ita aikin gwamnati ganima ne kawai. Tun zamanin Andrew Jackson da ya hau mulki a 1829 abin ya zama jiki, daga ma'aikacin gidan waya har na kwastan, in jam'iyyarka ta faɗi kai ma ka faɗi, in kuma ta ci to sai ka riƙa yankar wani abu a albashinka kana miƙa mata in kana son kujerarka. Sai ga wani Charles Guiteau, ya yi ta zarya yana so a tura shi Faris a matsayin ƙaramin jakada, don a ganinsa shi ya sa James Garfield ya ci zaɓen shugaban ƙasa, da aka ƙi kula shi sai ya je tashar jirgin ƙasa a Washington ranar 2 ga Yuli 1881 ya harbi shugaban. Garfield ya sha jinya har ya mutu a watan Satumba. Abin dariyar, Chester Arthur da ya gaje shi, a wannan tsarin na rabon ganima aka raine shi, amma shi ne ya sa wa dokar hannu a Janairun 1883.

To me ta ce? Ta ce a ɗauki ma'aikaci da jarrabawa, wanda ya fi cin maki shi ke gaba ko ɗan waye. Ta ce ba a tilasta masa ba jam'iyya kuɗi ko yi mata aiki, kuma ba a korarsa don ya ƙi. Sannan ta kafa hukuma mai mutum 3 ta kula da abin, ba za a samu fiye da 2 daga jam'iyya ɗaya ba. Da farko kashi 10 cikin 100 na ayyukan kawai ta shafa, a hankali shugabanni suka yi ta faɗaɗa ta. A 1912 aka ƙara wata doka cewa kora sai da dalilin da ya shafi aiki, a 1939 kuma dokar Hatch ta taƙaita wa ma'aikacin shi ma shiga harkar siyasa, wato kariya da sharaɗinta.

Na san wani zai ce ai wannan ne ke ba malalata mafaka, kuma gaskiya akwai su, korar wanda ba ya aiki takan ɗauki lokaci har mutum ya gaji. Amma ni a nawa ganin ba ma'aikacin aka fi karewa ba, mai zuwa neman haƙƙinsa aka kare, don akwai ayyukan da duk amfaninsu shi ne mai yin su ya iya cewa a'a ba tare da tsoron a tashe shi gobe ba.

Dubi Frances Kelsey. A 1960, ba ta daɗe da fara aiki a hukumar abinci da magunguna ta FDA ba, aka ajiye mata takardun wani magani mai suna talidomaid, wanda ake ba masu juna biyu a wasu ƙasashe saboda laulayi. Ta duba ta ce hujjar ba ta isa ba, kamfanin ya yi ta matsa mata lamba, ita kuma ta yi ta maida musu takardunsu tana neman ƙarin bayani. Kafin ƙarshen 1961 gaskiya ta fito, maganin na lalata halittar jarirai a ciki, an haifi sama da 10,000 da nakasa a duniya, wasu babu hannu wasu babu ƙafa. Ba a taɓa ba shi lasisin sayarwa a Amurka a lokacin ba, kuma a 1962 shugaba Kennedy ya kira ta fadarsa ya rataya mata lambar yabo.