Gasar poka ta intanet: da wane kati zan shiga, wanne zan zubar?

Wai ba duk sa'a ba ce?

Sa'a tana nan, amma kafin ita akwai zaɓi. A salon poka na Texas Hold'em karta 52 ce, kowa a ba shi biyu a rufe, in ka tattara masu kama da juna hannu iri 169 ne kacal, kuma wallahi mafi yawansu na zubarwa ne. Ni dai a teburan kyauta nake bugawa don lissafin ne ke burge ni, na kuɗi kuwa caca ce, kowa ya san hukuncinta.

To in zauna jiran AA kenan?

Ina! AA, wato katin A guda biyu, hannun da ya fi kowanne ƙarfi, sau ɗaya yake zuwa a rabo 221, kuma a gasa bilayin, wato kason dolen da ake zubawa kafin rabo, hawa yake ta yi, kana zaune zai cinye ka.

Me ya sa KJ, wato sarki (K) da J, yau a ce in shiga, gobe a ce in zubar?

Kujera ce, kuma nan ne sababbi suka fi shan kashi. Ka ɗauka teburin mutum tara ne kai ne farkon magana, mutum takwas na bayanka ba ka san me suka riƙe ba, ka shiga da KJ, wani ya biyo ka da AK, sarki ya fito a tebur ka yi ta murna kana ƙara zubawa alhali shi ma sarkin gare shi kuma A ɗinsa ya danne J ɗinka. Abin na ba ni takaici in na gani, don ba sa'a ce ta kayar da mutumin ba, tun farko bai kamata ya shiga ba. A wannan kujerar ka tsaya kan manyan tagwaye, wato kati biyu iri ɗaya, da AK da AQ. Amma in kana botin, wato kujerar mai rabo, inda kai ne ƙarshen magana bayan an buɗe kati a tebur, kuma duk waɗanda suka riga ka sun zubar, to KJ ɗin nan ka ƙara da shi ba shakka.

Ƙananan tagwaye fa, irin 44?

Na ukunsu kusan sau ɗaya cikin takwas yake fitowa a kati ukun farko da ake buɗewa a tebur. Sai in shigar da araha, kuma kai da abokin karawarka kuna da tarin cips, wato abin da ake zubawa a wasan.

In cips ɗina sun kusa ƙarewa?

Ka ƙirga su da babban bilayin. In sun sauka zuwa goma ko ƙasa, babu sauran lallaɓawa, ko ka tura duka ko ka zubar. A nan A8 da 55 sun zama kayan aiki musamman daga kujerun baya. Sai dai turawa daban, amsa turin wani daban, amsawa na son hannun da ya fi ƙarfi, balle in saura mutum biyu ko uku su fita a fara rabon kyautar gasa.