Waiwaye: Taswirar Kwamfuta da Sawun Mafarautan Inuwit

Da an tayar da maganar burtali a kwanakin nan, sai wani ya ce a zuba komai a taswirar kwamfuta, manomi da makiyayi da mai unguwa su zauna gaban allo ɗaya su yanke. Wasu kuma suna tsoron taswirar ce za ta ƙarasa cinye hanyar shanu. Gardamar ta tsufa, kuma ba a ƙasarmu ta fara ba.

Farkon labarin sananne ne. A shekarun 1960 Roger Tomlinson ya jagoranci haɗa tsarin GIS (wato taswirar kwamfuta mai ɗauke da bayanan ƙasa) na farko a Kanada domin ƙidayar ƙasar noma da dazuzzuka. A 1996 masana a Amurka suka raɗa wa reshen GIS da ake shigar da jama'ar gari cikin zana taswira suna PPGIS. Taswirorin intanet suka biyo baya: OpenStreetMap ta zo a 2004, Google Earth a 2005.

Abin da aka fi mantawa ya faru ne a tsakani, kuma da takarda da fensir aka fara shi. A 1973 ƙungiyar al'ummar Inuwit, 'yan asalin arewacin Kanada, ta nemi a rubuta yadda mutanenta ke amfani da ƙasarsu. Masu bincike suka bi ƙauyuka suka zauna da mafarauta kusan 1,600, ɗaya bayan ɗaya. A shimfiɗa taswira, dattijo ya ɗora yatsa: nan nake farauta tun ina yaro, nan muke yada zango, nan kamun kifi. A ja layi. Kowa da tasa takardar, rayuwarsa ce a zane. Da aka jera su bisa juna, wuraren da baƙo ke gani fili fetal suka cika da sawu. Har teku, wadda taswira ke nunawa ruwa zalla, ta bayyana a matsayin hanya, domin da sanyi takan daskare a bi ta kan ƙanƙara watanni. Rahoton ya fito a 1976, kundi uku, Milton Freeman ne ya shirya shi. Ya zama hujja a tattaunawar da ta kai ga yarjejeniyar filaye ta 1993 tsakanin Inuwit da gwamnatin Kanada, da kafa musu yankin Nunavut a 1999.

Wannan ne ya sa nake damuwa idan na ji ana yabon manhaja kaɗai. Hoton tauraron ɗan'adam yana ganin gona da gida saboda suna zaune. Burtali kuwa, in ba lokacin wucewar garke ba, kamar saura yake. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta gane haka, ta ba makiyaya kujera a kwamitocin filaye. Manhaja tana jera abin da aka ba ta ne kawai. In aka kira taron da rani, makiyayan sun yi kudu neman ruwa, babu wanda zai ɗora yatsa ya ce ta nan muke dawowa da damina.