Sauya Katin Sauti a Tsohuwar Kwamfutar Wasanni: Tambayoyi da Amsoshi

Shin akwai amfanin sayen katin sauti alhali kwamfutar tana fitar da sauti?

Akwai, amma ba ga kowa ba. Yawancin kwamfutocin da aka haɗa a shekarun 2000 suna zuwa da ɗan guntun sauti na Realtek a jikin babban allo (motherboard, allon da ake haɗa dukkan sassan kwamfutar a kansa), wasu bisa tsarin AC'97 na 1997, wasu bisa tsarin HD Audio da Intel ta fitar a 2004. Matsalarsu ita ce suna zaune kusa da sassan da ke jan wuta da yawa, shi ya sa mutum yakan ji wani siririn ƙara a kunne, wanda ke ƙaruwa idan ya motsa linzami ko katin hoto ya ɗauki zafi. Wanda wannan ƙarar ke damunsa, ko yake da hedfon mai nauyin ohm 250 da guntun sautin babban allo ba ya iya turawa, zai ji bambanci nan take. Wanda kuma sautinsa ke fita ta wayar HDMI zuwa talabijin, kuɗinsa kawai zai zubar, domin sautin ba ya bi ta katin ko kaɗan.

Me ya kamata a duba kafin a saya?

A buɗe akwatin a kalli ramukan da ke babban allo. Ramin PCI dogo ne, galibi fari, yayin da ramin PCI Express na x1 gajere ne, kuma katin ɗaya ba ya shiga ɗaya. Asus Xonar DG na PCI ne, Xonar DGX kuwa na PCI Express. A kuma lura ko babban katin hoto bai rufe ramin da ake so ba, wanda hakan ke faruwa sau da yawa. Katin x1 yana aiki a dogon ramin PCI Express na x16 idan akwai wanda ba kowa a cikinsa.

Wane kati ya dace da tsofaffin wasanni?

Nan ne ainihin zancen yake. Kamfanin Creative ya fito da fasahar EAX tare da Sound Blaster Live! a 1998, sannan Audigy ya biyo baya a 2001, X-Fi kuma a 2005. Wannan fasaha ce ke sa takun ƙafa ya yi amsa-kuwwa a cikin kogo, ya kuma dusashe idan abokin gaba yana bayan bango, kuma katin ne da kansa ke yin wannan lissafi. Da Microsoft ta fitar da Windows Vista a 2007, sai ta toshe hanyar da DirectSound3D, tsarin sautin wasanni na Windows, ke bi ta isa ga katin kai tsaye, wasanni da yawa suka koma sauti maras zurfi. Saboda haka, idan kwamfutar tana kan Windows XP, a ganina babu abin da ya kai X-Fi ko Audigy 2 dacewa, ko da na hannu ne. Idan tana kan Windows 7 ko 10, sai an haɗa da manhajar ALchemy, wadda ke karkatar da sautin ta OpenAL, wani tsarin sauti da ke iya isa ga katin, don EAX ya dawo.

Yaya ake saka shi?

A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar da ke jiki, sannan a danna katin har ya zauna sosai a ɗaure shi da noti. Daga nan a shiga BIOS, wato saitunan babban allo da ake buɗewa lokacin kunna kwamfutar, a kashe sautin babban allo don kada biyun su riƙa karo, a kuma saka direban, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, daga shafin kamfanin. Yana da kyau a tabbatar da cewa akwai direba na irin Windows ɗin tun kafin a biya kuɗi, domin tsofaffin katuna da dama an daina sabunta nasu.

Idan babu rami fa?

Sai a nemi na USB, wanda ke zaune a wajen akwatin, nesa da hayaniyar wuta. Ga sababbin wasanni, waɗanda ke sarrafa sautinsu da babbar na'urar lissafi ta kwamfutar, shi ne ma ya fi sauƙi, kuma za a iya ɗaukarsa zuwa wata kwamfutar idan an sauya wannan.