Me ake nufi da tauraron ɗan Adam?

Ranar da mai gyaran dish ya hau rufin gidanmu a Lugbe, Abuja, yana mitar cewa ya kasa kamo tauraro, ɗiyata 'yar shekara shida ta ja min riga. "Baba, wane ne ɗan Adam ɗin da yake da tauraro?"

A ganina sunan ne ke rikita yara, har da manya. Tauraron ɗan Adam ba tauraro ba ne. Na'ura ce da aka ƙera a nan ƙasa, roka ta kai ta sama ta sake ta tana zagaya duniya. Ba ya da hasken kansa. In ka ga ɗigo yana tafiya a sama bayan magariba ba ya ƙiftawa, hasken rana ne ke dukan jikinsa. Na farko shi ne Sputnik 1, wanda Tarayyar Sobiyet ta harba ranar 4 ga Oktoba, 1957, wata ƙwallon ƙarfe mai eriya huɗu. Namu na fari, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, aka harba shi daga Rasha a 2003, kuma hukumar NASRDA mai kula da wannan harka tana nan kan hanyar filin jirgi, kusa da mu.

Duk wannan bai shiga kunnenta ba, sai da muka zauna kan tabarma da kwalin ashana. Muka naɗe shi da takardar alewa mai sheƙi, muka soka tsinken tsire ta tsakiya, muka liƙa kwali shuɗi dama da hagu, murfin kwalba ya zama faranti. Na ce mata fukafukan nan ba na tashi ba ne, faifan sola ne, da su yake cin abincinsa. Kafin a jima ɗaya ya ɓalle, ta ɓata fuska. Na ce ta kwantar da hankali, tauraron sadarwarmu NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ma matsalar faifan sola ce ta kashe shi a 2008.

To me ya hana shi faɗowa? Muka ɗaura wa kwalin zare, ta riƙa wulwula shi bisa kanta. Zaren shi ne jan da duniya ke yi wa komai, gudun kuma shi ke hana kwalin dawowa kanta. Da ta rage gudu, sai ya faɗo mata a kafaɗa.

Wanda dish ɗinmu ke nema yana can wajen kilomita 36,000, inda zagaye ɗaya ke cin yini da kwana, daidai da juyawar duniya. Shi ya sa ake saita dish sau ɗaya a ɗaure. Mai gyara na saukowa ta miƙa masa kwalin, wai ga tauraron da yake nema.